Babi Na Biyar: Doya, Dogo da Allo a Agyaragu

Wanda ya bar Lafiya ya nufi Makurɗi, kafin ya gama gyara zama a mota ya iso Agyaragu. Ba sai an gaya masa ba, doya ce za ta tarye shi: tsibi-tsibi a fili, manyan motoci sun juya baya ana lodi, 'yan dako suna miƙa wa juna ɗaya bayan ɗaya, dillalai suna kai da komo tsakanin mai kaya da mai kuɗi. Da ƙwarya ake ciniki a nan, ƙwarya ɗaya kuwa doya ɗari ce. Migili da Eggon da Alago da Gwandara da Tibi su suka fi noma ta a wannan yanki, fatake na zuwa daga kudu da arewa, Hausa kuma ita ce harshen da kowa ke komawa gare shi idan an zo yanke farashi. Nijeriya ce ke noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya baki ɗaya, kuma mai yawa daga cikinta daga irin waɗannan kasuwanni na Nasarawa da Binuwai da Taraba da Neja take tashi.

A wannan gari nake so mu tsaya mu yi tambayar da ta fi kowace nauyi a littafin nan. Cikin shekara ɗari da suka wuce, jirgin ƙasa ya zo Agyaragu, kwalta ta zo, maganin feshi ya zo, wayar hannu ta zo. Babu ko ɗaya da aka ƙera a nan, babu kuma wanda aka nemi shawarar mutanen nan kafin a kawo shi. To, yaushe baƙon abu ke sauke wa manomi kaya, yaushe kuma yake ƙara masa?

Mun saba cewa ƙarfe ba shi da laifi, sai hannun da ya riƙe shi. Maganar tana da daɗin ji, amma rabin gaskiya ce. Sauran rabin yana kan dogon da ya ratsa garin, wanda har wani ɓangare nasa ake kira Agyaragu Tasha. Turawan Ingila sun fara shimfiɗa wannan layi daga Fatakwal a 1913, ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, ya iso bakin Binuwai a Makurɗi a 1924, sannan ya bi ta Lafiya da Kafancan ya haɗu da layin Kano a Kaduna a 1927. Gadar Makurɗi sai 1932 aka buɗe ta; kafin nan a jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Ɗauki taswirar dogon Nijeriya ta wancan zamani ka duba da kyau. Manyan layukan daga cikin ƙasa suka taso suka gangara bakin teku. Ba a shimfiɗa ko taku ɗaya don a haɗa Lafiya da Keana ko Awe ba, garuruwan da mata suka yi shekaru aru-aru suna dafa gishiri suna ciyar da kasuwanni na kusa da na nesa. An auna hanyar ne da kwal da kuza da auduga, kayan da masana'antun Ingila ke jira. Niyyar wanda ya biya kuɗin aikin ta riga ta shiga cikin ƙarfen tun kafin direba ya hau. Jirgin da ya fita da kuza shi ya dawo da gishirin Turai da yadin Manchesta, kuma mai dafa gishiri da masaƙi sun ji a jikinsu.

Sai dai wannan jirgin yana da wani labarin, a Kano aka yi shi. Da dogo ya isa can a 1911, auduga Turawa suka sa wa rai. Ƙungiyar masu neman auduga ta Biritaniya, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, ta daɗe tana kwaɗaita wa gwamnatinta cewa ƙasar Hausa za ta wadata masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka zauna suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature. Gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi, ba ta gajiyar da ƙasa, kuma idan shekara ta yi muni ana iya cin ta, abin da ba wanda zai yi da auduga. Fataken goro, waɗanda suka goge a hanyar Gwanja, suna da yara a ƙauyuka, suna rubuta bashi da ajami, suka bazu cikin karkara suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi a kan gyaɗar da ba a cire ba tukuna. Kafin shekara biyu ta cika, buhunan gyaɗa sun taru a tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga cikin waɗannan fatake Alhassan Ɗantata ya fito.

Kada a ɗauka ina cewa gyaɗa ta 'yantar da talakan Kano. Kamfanonin Turawa su suka ci gaba da yanke farashi, haraji kuma bai ragu ba. Amma abin lura shi ne, an kawo na'ura da wata niyya, mutanen da suka iya lissafi da rubutu, suka san ƙasarsu, suka san kasuwa, suka karkata ta zuwa inda mai ita bai nufa ba. Ba su ƙera jirgi ba, ba su ma tuƙa shi ba. Sun dai gane abin da yake yi, da wanda yake yi wa, da inda nasu rabon zai iya fitowa. Wannan ganewar ita nake nufi da ilimi a duk faɗin babin nan.

Wani masanin falsafa ɗan Birazil, Álvaro Vieira Pinto, wanda ya rasu a 1987, ya bar babban littafi kan ma'anar fasaha da ba a buga ba sai 2005. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ake sabar wa mutanen ƙasashe matalauta su riƙa kallon na'urar waje baki buɗe, su kuma yarda cewa su ba su da fasaha, sai dai a kawo musu. A wurinsa babu al'ummar da ta taɓa rayuwa ba fasaha, tun da fasaha ita ce hanyar da mutum ke bi ya sarrafa abin da ke kewaye da shi don ya ci ya rayu. Wanda aka shawo kansa ya amince cewa shi ɗan kallo ne, an gama da shi: zai yi ta saye, ba zai taɓa tambaya ba.

Duk mai shakkar wannan magana, ya shiga gonar doya. Manomi yana tayar da tudun doyarsa a ƙarshen damina, lokacin da ƙasa ke da laushi, ya yi shi da tsayin da saiwa za ta samu wurin nutsewa ba tare da ruwa ya kwanta mata ba. Idan ya dasa iri kafin ruwan fari, sai ya ɗora busasshiyar ciyawa a kan tudun ya danne ta da ƙasa, don kada zafin bazara ya dafa irin a ciki. Ya san irin da ke son sanda da wanda zai yaɗu a ƙasa. Ya san yadda zai tona gefen tudu tun ganye na ɗanye, ya yanke doyar ya bar kanta a ƙasa, ya ci sabuwar doya ko ya kai kasuwa lokacin da take da tsada, kan kuma ya sake haifar masa ƙananan da zai ajiye na iri. Ya san doyar da aka ji wa ciwo wajen tono ba ta ajiyuwa, ya san wadda za ta yi sakwara mai danƙo da wadda sai dai a soya. Babu wata jami'a da ta koya masa wannan. Gwaji ne na kaka da kakanni, an yi asara an gyara, an sake yi. Idan wannan ba fasaha ba ce, ban san abin da za a kira fasaha ba.

Yanzu bi ɗan wannan manomi zuwa makaranta. Zai yi shekara shida a firamare, shida a sakandare, da wuya wani malami ya tambaye shi yadda mahaifinsa ke ajiye iri. Zai haddace sassan fure da Turanci ya zana su a takarda. Ranar da ya makara, ko ya yi surutu a aji, sai a miƙa masa fartanya ko adda a ce ya je ya share ciyawa. Wannan al'ada ta daɗe a makarantunmu har ba ma ganin muninta, alhali kullum tana gaya wa yaro cewa sana'ar da ta biya masa kuɗin makaranta hukunci ce ta masu laifi. Ya gama ya fito ba ya son gona, ofis kuma bai samu ba.

An taɓa yunƙurin gyara. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, aka sayo injinan sassaƙa da na ƙira da na lantarki daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawansu a cikin akwatunansu suka tsufa, domin babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san yadda ake haɗa su. Yara suka koyi sunayen injinan a allo, suka rubuta a jarrabawa, suka ci. Har yau irin wannan tunani bai bar mu ba: duk lokacin da aka ce za a kawo ci gaba makaranta, sai a ƙirga kwamfutoci nawa aka sauke, a ɗauki hoto, a tafi.

Paulo Freire, shi ma ɗan Birazil, wanda ke girmama Vieira Pinto a matsayin malami, ya kamanta irin wannan karatu da asusu. Malami yana jefa bayani a kan ɗalibi kamar yadda ake jefa kwabo, ranar jarrabawa a fasa a ƙirga. Asusu ba ya tambaya, ba ya musu. Freire ya ce wanda aka yi wa irin wannan tarbiyya ya saba da karɓa, ko daga malami, ko daga mai mulki, ko daga mai sayar da kaya. A 1963, a wani gari mai suna Angicos da ke arewa maso gabashin Birazil, shi da ɗalibansa suka koya wa manya kimanin 300 karatu da rubutu cikin awa 40 ko kusa da haka. Kafin su buɗe aji sai da suka zauna da mutanen garin suka tattara kalmomin da ke bakinsu kullum, na aiki da abinci da ƙasa, da su aka fara. Kowace kalma kuma sai an tattauna ta: wa ke yin wannan aiki, wa ke cin ribarsa, me ya sa haka? A Birazil ta wancan lokaci wanda bai iya karatu ba ba ya jefa ƙuri'a, don haka masu mulki suka gane inda abin ya dosa. Da sojoji suka yi juyin mulki a 1964, suka tsare Freire kwana 70, daga nan ya yi gudun hijira.

A Chile, inda ya zauna, ya yi aiki da malaman gona, ya kuma rubuta ɗan littafi a kansu. Ƙorafinsa shi ne malamin gona yakan shiga ƙauye da amsa a jaka, ya ɗauki manomi kamar bai san komai ba, idan aka ƙi shawararsa ya ce taurin kai ne. Mun ga wannan da idonmu a harkar doya. Babbar matsalar mai noman doya ita ce iri, domin abin da ake ci shi ake dasawa, har yakan kai manomi ya ware kusan kashi ɗaya cikin uku na amfaninsa don shekara mai zuwa. A farkon shekarun 1980, cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa da ke Umudike tare da cibiyar IITA ta Ibadan suka fito da dabarar yanka doya ɗaya gutsure-gutsure ƙanana, kowane kimanin giram 25, a tsoma a magani, a rene su su zama iri. A gonar gwaji dabarar ta yi kyau ƙwarai. A ƙauye kuwa manoma kaɗan ne suka kama ta. Gutsuren sun yi ƙanƙanta, ba sa tsirowa lokaci ɗaya, renonsu yana cin aiki a daidai lokacin da hannu ya yi ƙaranci. Sai da aka yi shekaru, masu bincike suka saurari waɗannan dalilai, suka ƙara girman gutsuren yadda za a iya dasa su kai tsaye a gona, sannan dabarar ta fara samun shiga. Masanan ba su yi ƙarya ba, manoman ma ba su yi wauta ba. Zaman da ya kamata a yi tun ranar farko shi aka jinkirta.

Maganin ciyawa labarinsa daban, domin shi ba wanda ya roƙi manomi ya karɓa. Da gudu aka rungume shi, kuma da dalili. Wanda bai taɓa wuni a sunkuye yana cire ciyawa tsakanin tudun doya ba, bai kamata ya yi saurin zagin maganin feshi ba. Ya sauke wa mata da yara wahala mai yawa, ya ba mutum ɗaya damar riƙe gonar da da sai da gayya, a lokacin da samari suka tafi makaranta ko acaba, kuɗin ƙwadago kuma ya yi sama. Wannan sauƙi ne na gaske.

Amma duba yadda ya shigo. Bayanin da ke jikin kwalbar da Turanci yake, da ƙananan haruffa, da ma'aunin da ba a amfani da shi a ƙauye. Malamin gona na gwamnati ba ya isa ko'ina. Saboda haka mai sayar da maganin a kasuwa shi ya zama malami, shi kuwa ribarsa tana cikin yawan abin da ya sayar. Ana auna magani da murfin kwalba, a ƙara kaɗan don ya fi ci, a haɗa iri biyu ko uku a injin feshi guda. Yaro ya goya injin a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ruwan yana zuba masa a gadon baya. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta a zuba mai ko ruwan sha. Cikin waɗannan magunguna akwai farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, gubar da ba ta da makari idan ta shiga ciki. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da shirin kawar da shi daga kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake zubawa a buhu don kada wake ya huje. Turawa suna da ɗakin gwajin da ya gano musu. Waken da bai fita ba mu muka ci shi, mu da 'ya'yanmu.

Manomin da ke feshi ba takalmi ba wawa ba ne. Shi ne fa wanda ya san duk abin da muka lissafa game da tudu da iri. An dai miƙa masa abu mai ƙarfi aka riƙe bayaninsa cikin harshen da ba ya ji. Yana amfani da maganin, amma ba shi da hanyar tuhumarsa. A nan ne sauƙi ke rikiɗewa ya zama ƙangi.

Kwalta ba sai mun daɗe a kanta ba. An mai da hanyar Keffi zuwa Makurɗi tagwaye da bashin China, motar doya tana isa Abuja da wuri, kuma tun 2025 ana biyan kuɗin shinge a kanta, kuɗin da a ƙarshe ko mai noma ko mai ci ne zai biya.

Waya ta fi cancantar a tsaya mata. Tun da layukan salula suka fara aiki a 2001, manomi ya samu abin da kakansa bai samu ba: kafin ya ɗora doya a mota yana iya kiran ɗan'uwansa a Legas ko Kano ya ji yadda kasuwa ta kwana. Dillali yana nan, kuma yana da amfaninsa, shi ya san mai saye, shi ke tsaya wa baƙo, la'adarsa halal ce. Abin da waya ta rage shi ne duhun da marar gaskiya ke fakewa a ciki. Sai farkon 2023 ya zo, bayan Babban Banki ya canja fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Kasuwannin karkara suka tsaya cak. Mai kaya yana da kaya, mai saye yana da kuɗi a banki, babu abin miƙawa. Aka ce kowa ya koma tiransifa. Wanda ya iya karatu ya buɗe wayarsa ya duba ko kuɗi sun shiga. Wanda bai iya ba sai ya miƙa wayar ga wani, ko ya ba mai POS katinsa ya faɗa masa lambar sirri da baki, ko ya saki kayansa da araha ga duk wanda ya zo da tsaba. Masu alat na bogi suka samu kasuwa. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, an riga an yi asarar da ba wanda ya ƙirga. Waya iri ɗaya ce a aljihun mutum biyu, ta kare ɗaya ta tona wa ɗaya asiri.

Akwai kuma abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa a kowace kasuwa irin wannan, wato rumfar masu gyaran waya. Samari ne, da yawansu ba su wuce sakandare ba, wasu daga makarantar allo suka fito. Sun zauna gaban ubangida shekara biyu ko uku, sun buɗe wayoyi sun lalata sun gyara, yau suna canja gilashi da wurin caji, suna bin layin wuta a jikin faranti da ƙaramin ma'auni. Su ba sa kallon waya baki buɗe, sun ga cikinta. Abin da darasin fasaha na 1982 ya so ya yi ya kasa, ga shi ana yi a ƙarƙashin lema ba tare da ko sisin gwamnati ba. Abin da ya rage musu shi ne lissafi da kimiyyar da za su kai su daga gyara zuwa ƙira, kuma wannan aikin makaranta ne, da za ta sauko ta same su.

Ba sai mun je Birazil aron wannan tunani ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan karkara ba za su iya zuwa inda malamai suke ba, sai ta naɗa jajis, ta aika su ƙauyuka da karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, harsunan da matan ke ji. Tsarin 'Yan Taru ke nan. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Coomassie na cikin jagororinsa, hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 tana buga ƙananan littattafai masu araha da Hausa da wasu harsunan Arewa. Dattijon da ya fita daga ajin Yaƙi da Jahilci ya iya duba takardar harajinsa, ya iya karanta abin da sikeli ya nuna. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin ya ajiye alli a 1950 ya shiga jam'iyyar NEPU, kuma duk siyasarsa a kan abu ɗaya ta tsaya, talaka ya san haƙƙinsa ya iya cewa a'a. Gwamnatin Abubakar Rimi ta ɗora a kan wannan da ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano a 1980, wadda har UNESCO ta yaba mata. Duk waɗannan sun yi tarayya a abu biyu: sun je inda mutane suke, sun kuma yi musu magana da harshensu.

Batun harshe yana da sarƙaƙiya a Agyaragu, kuma bai kamata mu Hausawa mu yi gaggawa a kansa ba. Yaron da ya tashi da Migili ko Eggon ko Tibi a gida yana da haƙƙin ya fara karatu da harshen uwarsa, kamar yadda ɗan Kano ke da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, sun ma fi su a darussa da dama, kuma Turancinsu bai lalace ba. Hausa tana da nata gurbin, ita ce ta kasuwa, ita za ta fi saurin kai gargaɗin da ke jikin kwalba ga mutane masu yawa. Abin da ba shi da hujja shi ne a ci gaba da rubuta maganar rai da mutuwa da Turanci kaɗai.

A watan Yuni na 2017, ministan aikin gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya ƙaddamar da fitar da tan 72 na doya daga Legas zuwa Ingila da Amurka, aka yi biki. Daga baya rahotanni suka ce wani kaso ya isa a lalace saboda jinkiri da rashin ajiya mai kyau. Ghana, wadda ba ta kama ƙafarmu a yawan noma ba, ita ke kan gaba wajen sayar da doya a kasuwannin Turai. Ruɓewar doya tsakanin gona da tukunya ita ce asarar da kowane manomi a Agyaragu ke yi duk shekara, kuma matsala ce da ilimin littafi da ilimin gona za su iya warwarewa idan sun zauna wuri ɗaya.

Wurin zaman ma ba nisa. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Aikin Gona, da Kwalejin Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, duk tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce daga kasuwar doya. Akwanga kuma tana da kwalejin da ke horar da malaman da za su shiga azuzuwan yankin. Ina roƙon shugabannin waɗannan makarantu su tura ɗalibansu na shekarar ƙarshe Agyaragu, su tafi da littafin rubutu kafin su tafi da amsa, su tambayi masu doya inda take ruɓewa da lokacin da take ruɓewa, a gina rumbun gwaji tare da su, a bar musu shi su ci gaba da gyarawa. Hukumar ilimin manya ta jiha ta buɗe aji kusa da kasuwa, darasin farko ya zama kwalbar maganin feshi da saƙon banki da rasit, ba wani littafin da aka rubuta don yaran birni ba. NAFDAC ta wajabta wa masu shigo da magungunan gona su rubuta gargaɗi da ma'auni da harsunan manoma, da manyan haruffa da zane. Shugabannin makarantu kuma su daina horo da fartanya, su gayyato tsohon manomi ya shiga aji a matsayin malami, a shimfiɗa masa kujera.

Kai kuma mai karatu, tun da ka kawo wannan shafi, kana da abin da maƙwabcinka yake nema. Idan ya kawo maka waya ka duba masa alat, ko kwalba ka karanta masa, ka duba masa, sannan ka zaunar da shi ka nuna masa yadda zai duba da kansa gobe.